Waken namu ne, karatunsa na Kalifoniya

A shekarar 2019, wata tawagar masana ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Kalifoniya ta garin Riverside a Amurka ta wallafa karatun ƙwayoyin gadon wake. Irin da suka zaɓa suka karanta ba baƙo ba ne a gonakinmu. Lambarsa IT97K-499-35. An samar da shi ne a cibiyar binciken noma ta IITA, wadda tasharta ta Kano ta daɗe tana aikin wake a hannun masanin nan ɗan Indiya, B. B. Singh, kuma tun 2008 aka sake shi ga manoman Najeriya da sunan SAMPEA 10 saboda jure wa wuta-wuta da yake yi. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake. Kundin ƙwayoyin gadon kuwa yana nan a intanet, ba a biyan ko kwabo, duk wanda ya ga dama ya sauke. To amma a ɗauko ɗalibin da ya gama digirin bayoloji a Zariya ko Katsina ko Dutsin-Ma, ɗan Funtua ko Bakori ko Kafur wanda da kuɗin wake da masara aka biya masa makaranta, a ajiye masa wannan kundi a ce ya nemo inda juriyar wuta-wuta take. Da wuya ya san ta inda zai fara. Ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba, wanda zai zaunar da shi ya nuna masa ne babu. Ina ganin abin da ya fi yi wa jami'o'in da ke kewaye da yankin Funtua ƙaranci a wannan fanni malami ne, tun kafin a zo kan na'ura ko kuɗi: malamin bayoloji da ya san gona kuma ya iya sa kwamfuta ta karanta masa ƙwayoyin gado. Kuma yadda muke raino da ƙara wa malaman jami'a girma a yau ba zai haifar da irinsa ba sai an yi da gangan.

Fannin da ake magana a kai, wanda a jami'a ake kira bayo'infomatiks, bai kai sunansa ban tsoro ba. Duk abin da mai rai ya gada daga iyayensa a rubuce yake cikin DNA da baƙaƙe huɗu kacal, A da C da G da T, jere da juna. Na wake sun haura miliyan 600. Na dawa, da aka wallafa a 2009, kimanin miliyan 730 ne. Na masara, a 2009 ɗin dai, sun kai biliyan 2 da miliyan 300. An fitar da na audugar da muke nomawa a 2015, na gero a 2017. Babu idon da zai bi wannan jeri baƙi bayan baƙi, don haka dole a nemi kwamfuta ta kwatanta, ta tace, ta nuna inda iri biyu suka bambanta. Aikin ya samo asali tun 1965, lokacin da Margaret Dayhoff ta tattara 'yan jerin sunadaran da aka sani a littafi guda. A 1982 aka buɗe rumbun GenBank, a 1990 kuma aka fito da manhajar BLAST, wadda har gobe da ita ake fara koya wa ɗalibi. Abin da ya sauya tun daga nan shi ne farashi. Karatun ƙwayoyin gadon ɗan Adam na farko ya ci kusan dala biliyan 3, yau ana yin sa da ƙasa da dala 1,000, har akwai na'urar MinION da ke shiga tafin hannu, a jona ta da laftof, wadda aka yi aiki da ita a Gini lokacin annobar Ebola a 2015. Fitar da baƙaƙen ya yi arha. Mai fassara su ne ya yi tsada.

Wanda ya san tarihin Funtua ba zai ce wannan maganar 'yan boko ce da ba ta shafi manomi ba, domin fiye da shekara 100 ke nan arzikin yankin yana tafiya da abin da aka gano a ɗakin bincike. Audugar Allen, 'yar asalin Amurka, ita ce ta maye gurbin kaɗar gargajiya a farkon ƙarnin da ya wuce. A 1922 aka kafa tashar bincike ta Samaru, wadda ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Layin dogo ya ratsa Funtua ya isa Kaura Namoda a 1929, gidajen gurza suka tsaya a Funtua da Malumfashi, gonar Daudawa ta riƙa yawaita iri. Da Bankin Duniya ya kawo Shirin Bunƙasa Noma na Funtua a 1975, ingantaccen irin masara da takin zamani suka mayar da masara, wadda a da ake shukawa a bayan gida don gashi, ta zama amfanin da ake loda wa tireloli a kasuwar Dandume. A kowane mataki akwai mutumin tsakiya, malamin gona, da ke ɗauko abin da Samaru ta gano ya kai ƙauye. Sai dai tarihin yana da wani gefe. Audugar da aka gurje a Funtua ɗanya take hawa jirgi zuwa masaƙun Lankasha, ta dawo mana atamfa da tsada. Samfurin ganye da jini da ƙwari da ake kwasa daga nan a kai waje a karanta, sakamakon ya dawo cikin mujallar da malaminmu ba shi da kuɗin saye, hanya ɗaya suke bi da waccan auduga. Ko shirin binciken cututtuka na Malumfashi na shekarun 1970, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta yi da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful, ya tara ilimi mai yawa kan tsargiya da saran kububuwa a ƙauyukan yankin, amma a mujallar Ingila ya sauka, can kuma ake nemansa.

Ga yadda darasi guda zai kasance idan an samu malamin. A watan Yuli, a kai ɗalibai gonar masara a hanyar Bakori. Su buɗe kan masarar da ganyenta ya yi huji-huji, za su tarar da kashin tsutsa a cunkushe a ciki, a ƙarƙashinsa kuma ita kanta tsutsar ta naɗe, da alamar Y a kife a goshinta da ɗigo huɗu baƙaƙe kusa da wutsiya. Wannan ce tsutsar da ta fito daga nahiyar Amurka, wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a Afirka a farkon 2016, a kudu maso yammacin Najeriya, kuma da gwajin DNA masanan IITA suka ƙarfafa shaidarsu. Idan tsutsar ƙarama ce, ido ba ya raba ta da danginta na gida. Sai a tsinke ɗan yanki daga jikinta, a fitar da DNA, a yawaita wani gutsure mai baƙaƙe kimanin 650 da ake gane jinsin ƙwari da shi, a aika a karanto. Abin da zai dawo fayil ne ɗan ƙarami, bai kai nauyin hoton waya ɗaya ba. Ɗalibi ya liƙa shi a BLAST, cikin minti guda jerin sunaye ya fito da kashi-kashi na kama. A nan ne karatun yake farawa. Me ya sa wannan ya yi kama kashi 99 cikin 100, wancan kuma 92? Farkon jerin da ƙarshensa, inda na'ura ke yawan kuskure, an yanke su kuwa? Wanda ya ɗora samfurin da muke kwatantawa da shi, ya tabbata sunan da ya sa daidai ne, ko kuskurensa muke shirin gada? Tunda tsutsar nan tana da layi biyu, mai son masara da mai son shinkafa, wanne ne a Bakori, kuma shi ne a Danja? Ɗalibin da ya yi wannan sau ɗaya da hannunsa ya koyi shakka irin ta masana, abin da haddar handawut ta shekara huɗu ba ta ba shi ba. Manoman tumatir na Danja da suka ga yadda tsutsar da ake kira sharon ta cinye gonaki a 2016 sun san kuɗin da jinkirin gane ƙwaro ke ci.

Za a ce ai wannan aikin sashen kwamfuta ne, a miƙa musu. Ban yarda ba, kuma wuta-wutar wake ce hujjata. Masana sun gano cewa wannan ciyawa ba iri ɗaya ba ce a Afirka ta Yamma: wadda ke Najeriya da Nijar daban, ta Mali daban, ta Burkina Faso daban, ta Benin daban, kuma waken da ya gagari ɗaya yana iya faɗuwa a hannun wata. A 2009 ɗakin binciken Michael Timko a Jami'ar Bajiniya ya gano ƙwayar gadon da ke ba wani wake ɗan Botswana, B301, kariya daga irin wuta-wutar Najeriya. Masanin kwamfuta zalla zai iya gudanar da lissafin tsaf, amma ba zai san ya tambaya daga wace gona aka tsinko samfurin ba, ko a jigawa ce ko a laka, ko manomin yana haɗa waken da dawa ne. Ba zai san cewa manomin Malumfashi ba ƙwaya kaɗai yake nema ba, yana son harawa don dabbobinsa, uwargida kuma tana duba girman ƙwaya da farinta da saurin dahuwa, ta yadda irin da ya ci jarrabawar kwamfuta zai iya faɗuwa ta kasuwa. Kwamfuta ba ta ƙin amsa tambayar banza. Tana amsa ta ne da lambobi masu kyan gani, kuma sai wanda ya san halittar ne zai gane an yi shirme. Koya wa masanin halitta rubuta 'yan layukan umarni ga kwamfuta ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan koya wa masanin kwamfuta abin da ake sani bayan damina goma a gona. Haɗin gwiwa da sashen kwamfuta da na lissafi wajibi ne, amma ragamar kwas ɗin a hannun mai bayoloji ya kamata ta zauna.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake zama farfesa. Matashi yana shiga ne a matsayin mataimakin malami, ya hau lakcara na biyu, na ɗaya, babban lakcara, rida, sannan kujerar farfesa, kowane tsani da shekarun jiransa, galibi uku. Ana lissafa koyarwa a takardar ƙarin girma, amma kowa a jami'a ya san yawan maƙalun da aka buga ne ke yanke hukunci. A duba manyan da Zariya ta yi alfahari da su. Marigayi Farfesa Andrew Nok ya shafe rayuwarsa yana bin ƙwayar cutar sammore da tsando ke yaɗawa, har ya ci lambar kimiyya ta kamfanin NLNG a 2009 da lambar Humboldt ta Jamus a 2013, ya kuma assasa cibiyar binciken cututtukan da aka yi watsi da su wadda Bankin Duniya ya tallafa a jami'ar, kafin rasuwarsa a 2017. Farfesa Mohammad Ishiyaku, wanda daga baya ya shugabanci cibiyar Samaru, ya jagoranci gwajin waken da ke jure tsutsar kwanso tun 2009, sai a ƙarshen 2019 aka sake shi da sunan SAMPEA 20-T. Shekara goma cur kan iri ɗaya. Aikin kirki a wannan fage haƙuri yake ci, tsarin kuwa gaggawa yake saka wa. Lakcaran da ya ware shekara biyu ya koyi sabon fanni, ya tsara kwas daga tushe, ya tattara samfura, ya zauna da ɗalibai ɗaya bayan ɗaya suna gyara kuskuren umarni, zai ɗaga kai ya ga abokin shigarsa da ya yanka bincike ɗaya gida biyar ya buga a mujallun da ba mai karantawa ya wuce shi da tsani guda. Ba sai an hana kowa koyar da fannin ba. Lissafin kawai zai yi ya bari. Shi ya sa a wurare da dama kwas ɗin yana cikin kundin manhaja, amma a allo ake yin sa: a rubuta ma'anar BLAST, a haddace, a amayar ranar jarrabawa, ba a taɓa buɗe shi ba.

Gyaran bai fi ƙarfin majalisar jami'a ba. Sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Tarayya da ke Dutsin-Ma da ta Ahmadu Bello suna da damar sa wannan kwas ya zama dole a aji uku ga duk mai karanta bayoloji, kimiyyar sinadaran jiki ko aikin gona, a gina shi kan dawa da wake da auduga da masara maimakon misalan da aka kwafo daga littafin waje. Su kuma yarda cewa kwas ɗin da aka tsara aka gwada, da bayanan da aka tsabtace aka ɗora a rumbun duniya da sunan jami'a, suna da maki a ƙarin girma kamar maƙala. Kuɗin TETFund da ya riƙa tura malamai digiri na uku a waje zai iya tura masu digirin tuni horon wata shida. Hanyar ma an riga an share ta: ƙungiyar H3ABioNet, da aka kafa a 2012 ƙarƙashin Farfesa Nicola Mulder ta Jami'ar Kef Tawun, ta fara wani kwas na share fage a 2016 inda ake ba da lacca ta intanet, ɗalibai kuma su taru a azuzuwa a ƙasashensu tare da mataimaka na gida. A kudancin ƙasar nan, cibiyar Farfesa Christian Happi da ke Ede ce ta fara karanta ƙwayoyin gadon cutar korona a Afirka a watan Maris na 2020. Ba daga sama suka faɗo ba, shekaru suka yi suna horar da mutane.

Sai maganar wuta da intanet, wadda ba ƙarya ba ce. Mutanen Funtua da Malumfashi da Bakori da Faskari ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, aka yi watanni sai an yi tafiya kafin a aika saƙo. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 kuma ya ci wata takwas. Duk da haka, idan aka auna, wannan ne reshen kimiyyar halitta da ya fi jure talauci. Ɗakin gwaje-gwaje na gargajiya yana son firjin da ba ya mutuwa, da sinadaran da ake saye da dala, waɗanda ɗaukewar wuta ta kwana biyu ke lalatawa. Wannan kuwa laftof yake so, da faifan sola, da ma'ajiyar bayanai da malami zai cika sau ɗaya lokacin da sabis ke da ƙarfi. Manhajojin kyauta ne, BLAST ma ana iya girka shi a yi aiki ba tare da intanet ba. Haɗa sabon kundi sukutum daga tushe yana buƙatar babbar na'ura, gaskiya ne, amma ba shi ake nema daga ɗan aji uku ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na wanda zai ce manomin Sabuwa da Dandume da ba ya iya zuwa gonarsa don tsoro, ko wanda kuɗin buhun taki ya gagare shi, me ya haɗa shi da baƙaƙen DNA? Babu kwas ɗin da zai kori ɗan bindiga, kuma wanda ya ce kimiyya za ta maye gurbin tsaro yaudara yake yi. Amma ba daga aljihu ɗaya ake biyan su ba. Sashen bayoloji yana nan ko an gyara shi ko ba a gyara ba, yana yaye ɗaruruwa duk shekara, abin tambaya kawai shi ne da me suke fita. Tsadar kayan noma ma hujja ce a gare mu. Manomin da ya sayi irin bogi a leda mai kyau, ko ya yi feshi sau shida da maganin da ƙwaron ya riga ya saba da shi, asararsa ta fi ta jiya ciwo. Gano cewa irin da ke cikin leda ba shi ne wanda aka rubuta a jiki ba, ko cewa ƙwarin wata gunduma sun fara gagarar wani magani, duk da alamomin DNA ake yin su cikin sauri.

Wannan ya kai mu ga rigimar irin da aka sauya wa ƙwayoyin gado. An amince da audugar Bt a 2018, nau'i biyu na kamfanin Mahyco na Indiya da aka gwada tare da Samaru, sai waken SAMPEA 20-T a 2019, sai masarar TELA a farkon 2024, kuma har Majalisar Wakilai ta tayar da maganar a 2024 ɗin. A majalisun hira da wayoyin mutane ana ta faɗar abubuwa, wasu tsoro ne mai tushe, wasu ƙage ne. Ni dai a ganina, mai goyon baya da mai adawa duk suna buƙatar wannan malami, mai adawar ma ya fi. Burkina Faso ta rungumi audugar Bt a 2008, ta watsar a 2016 saboda zarenta ya gajarta, darajarta ta faɗi a kasuwa. A Indiya kuma jar tsutsar auduga ta saba da dafin da aka sa wa audugar cikin 'yan shekaru. Ba abin da aka yi ta tsorata mutane da shi ne ya faru ba, wasu matsaloli ne na daban da sai mai aunawa yake gani da wuri. Idan hakan ta fara a gonakin Funtua, wa zai gane? Idan babu namu, sai dai mu jira kamfanin da ya sayar da irin ya ba mu labari, ko ƙungiyar da ta riga ta yanke hukunci tun kafin ta duba.

Akwai masu cewa duk wanda ya ƙware zai tsere waje, wasu kuma su ce ƙirƙirarriyar basira ta kusa ɗauke aikin baki ɗaya. Wasu za su tafi, babu ja. Likitoci ma suna tafiya, ba a rufe makarantar likitanci ba, kuma wannan sana'a ce da mutum zai iya yi wa Nairobi ko Landan aiki yana zaune a Tudun Wada. Ita kuwa basirar na'ura, abin da aka ɗora a rumbu take koyo da shi. Dawar da aka karanta a 2009 wani layi ne na masu bincike a Amurka, ba kaura ba ce, ba kuma farafarar da kakanni suka zaɓa damina bayan damina a ƙasar Maska da Kogo ba. Waɗannan irin na gida, da abin da ke cikinsu na jure fari da ƙuduji da ɗanɗanon tuwon da ake so, kaɗan ne daga cikinsu aka karanta da sunan ƙauyen da suka fito. Ƙasashen duniya sun yi shekaru suna jayayya kan wanda ya cancanci riba daga irin waɗannan bayanai, tun daga yarjejeniyar Nagoya ta 2010 har zuwa taron Kali na ƙasar Kolombiya a 2024, inda aka amince a kafa asusun da kamfanoni za su riƙa zuba wani kaso. Ƙasar da za ta nemi haƙƙinta a wannan asusu sai ta iya nuna cewa jerin kaza daga gonar kaza ya fito, da rana da wuri da sunan iri. Wannan rajista aikin furojet ne na 'yan ajin ƙarshe, ƙauye ɗaya ga kowane ɗalibi, in dai akwai malamin da zai duba ya sa hannu.